Ranar da Benson Ya Fasa Ƙofar Manya

Ku da kuke karanta ni a waya, sai kun yi haƙuri da ni, don abin nan ya faru ne a zamanin da saƙon masoya sai ta rediyo ko ta bakin ɗan aike. Shekarar tamanin da uku ce, damina ta yi nisa, an gama zaɓe ana ta cacar baki kan wanda ya ci da wanda aka yi wa maguɗi. Sunana Celina, 'yar Baba Joseph mai ganga. Mutanen Zonkwa ne mu, amma a Narayi na girma. Ina da keken ɗinki a wani ɗan shago bakin kasuwar Kakuri, ina kuma da saurayi, Kofur Benson, ɗan sanda, mutumin Otukpo. Dogo ne, baƙi, mai wushirya. Hausarsa ta bariki ce, irin mai mayar da mace namiji, amma in ya ce "Celina nawa" sai in ji duk duniya ba wanda ya kai shi iya magana.

Mun daɗe tare, amma Baba bai taɓa sakar masa fuska ba. Baba ya yi aiki a masaƙa har ya yi ritaya, ya koma shugabancin makaɗan ƙungiyar mutanen garinmu. Maganarsa ɗaya ce: ɗan sanda ba shi da gari, yau Kaduna gobe Gongola, kuma shi bai haifi 'ya don a kai masa ita Binuwai ba, inda ko gaisuwarsu ba ya ji. Mama Naomi kuwa ba ta faɗa. Nata salon shi ne ta yi ta ambaton Albert. Albert ya kawo doya, Albert ya kai ta asibiti a Fijo ɗinsa, Albert ɗan gida ne, kakarsa da kakata rijiya ɗaya suka sha. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, mai tabarau, mai sa kwat ko ana zafi, in yana magana kamar mai karanta sanarwa a coci. Ban tsane shi ba. Ban dai taɓa kasa kunne ina jiran ƙarar motarsa ba, yadda nake jiran ƙararrawar keken Benson.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci ina guga, rediyo na shirin gaishe-gaishe, sai na ji an ce kati na gaba daga Kofur Benson ne na Kakuri. Na ajiye dutsen guga ina murmushi ni kaɗai. Ya gaishe da iyayensa, ya gaishe da abokan aikinsa, sai Scholastica ta Unguwar Television, sannan Celina tela.

Ku duba mini wannan jerin da kyau. Ita aka fara kira. Ni kuma aka haɗa ni da sana'ata kamar ana tallar shago.

Scholastica ƙawata ce tun firamare, tare muke waƙa a coci. Fara ce, mai gashi, tana buga tafireta a ofishin wani kamfani a Kudenda, turancinta kamar ba acca ta ci ta girma ba. Ni da kaina na gabatar da ita ga Benson a bikin Kirsimeti, har ina alfahari. Da na yi masa maganar katin, dariya ya yi, ya ce mai karantawa ne ya juya sunayen. Na yi dariyar ni ma, amma abin ya zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen rogo.

A makon ne aka sanar da babban taro. Ɗan majalisar da aka ce ya ci zaɓe a yankinmu zai yi bikin godiya, manyan jam'iyya za su zo har daga Legas. An zaɓi 'yan mata masu tarbar baƙi, Scholastica ce shugabarsu, aka kawo mini ɗinkin ankonsu: atamfa koriya mai zanen tauraro, riga mai kumburin hannu da dogon buje. Ranar da ta zo gwaji ta tsaya gaban madubina tana juyi, ta ce a ɗan ƙara sauke wuyan. Ina durƙushe da allura a baki ina kama mata gefen bujen, sai ta ce ai hankalinta a kwance yake, tunda Ben ya ce shi za a ajiye a ƙofar manya, dab da inda za su tsaya.

Ben. Ni da nake shirin aurensa ban taɓa yanke masa suna ba. Kuma ni bai faɗa mini inda za a ajiye shi ba. Allah ne ya tsare ban soka mata allurar nan a ƙafa ba.

Ana jibi taro Benson ya zo shago da yamma, ya jingine kekensa, ya ƙi zama. Ya ce kada in je. Ya ce waɗanda aka kayar sun rantse ba za a tashi lafiya ba, filin kuma na makarantar firamare ne mai katanga, ƙofarsa babba ɗaya ce tak, jama'ar da aka gayyato ta ninka abin da wurin zai ɗauka.

"Baba zai je ai," na ce. "Su ne masu kiɗa."

"Baba namiji ne, ya san yadda zai yi da kansa."

"Scholastica fa? Ita ma namiji ce?"

Ya kalli tayar kekensa, ya ce ita aiki aka ba ta. Wai in yi masa alkawari. Na ce to. Ku sani, wannan "to" ɗin ko leɓena bai wuce ba. A raina cewa nake, wato in zauna gida ina tsintar tsakuwa a shinkafa, shi yana can yana gyara wa wata hanya.

Da na koma gida na tarar da Albert a tsakar gida, Mama ta cika masa kofi da kunun zaƙi. Shi ma ɗan jam'iyyar ne, ya samo katin rumfar manya na mutum biyu. Ya taɓa gayyatata wurare da dama ina cewa ɗinki ya yi mini yawa. Wannan karon tun bai rufe baki ba na ce zan je. Mama ta kusa ɓarar da tulun kunun don murna.

Ranar Asabar na fito da leshina ruwan zuma wanda nake ɓoyo don ranar da iyayen Benson za su zo. Na ɗaura gwaggwaro har yana taɓa rufin mota, na sa takalmi mai tsini da jan baki, na fesa turaren Mama. So nake idan Benson ya gan ni ya manta sunan uwar da ta haifi Scholastica.

Tun daga mararrabar Barnawa hanya ta cushe. Motocin kiya-kiya da manyan motocin ɗaukar yashi cike da mutane daga Gonin Gora da Sabon Tasha da ƙauyuka, kowa da hula mai hoton ɗan majalisa. An yi ruwa da asuba, ko'ina taɓo. A babbar ƙofa an jera ganguna cike da yashi aka matse hanya, mutum ɗaya-ɗaya ke wucewa ana lalube shi, ana ƙwace sanduna da kwalabe ana tarawa gefe. Mata masu goyo suna ta roƙo, 'yan sanda na ɗaga kulki suna cewa a bi layi, layin kuwa babu shi, sai tarin kawuna har bakin titi. Mu muka zagaya ta baya, inda ƙaramar ƙofar ƙarfe take, wadda aka ware wa masu kati.

Benson na tsaye a wurin. Kakinsa ya sha guga, usur na rataye a ƙirjinsa. Albert ya miƙa katin ta taga. Benson ya karanta, ashe an rubuta na mutum da uwargidansa ne. Ya sunkuyo ya dubi Albert, ya dube ni, ya dubi leshin. Na ga jijiyar wuyansa ta motsa. Na jira ya yi fushi, na jira ya kira sunana, ko da zagi ne.

"Ku shiga, madam," ya ce, ya ɗaga hannu wa motar da ke bayanmu.

Wannan madam ɗin ta fi mari zafi.

Aka zaunar da mu a layi na huɗu cikin rumfa. Wa zai zo ya ba mu Fanta da ɗan tsire a faranti in ba Scholastica ba, cikin rigar da na ɗinka da hannuna, ta zauna mata ɗas kamar a jikinta aka saƙa ta. Ta ware ido ta ce ashe na zo, ta kalli Albert ta yi wani murmushin da ban so ba. Daga nan ban ji ko kalma ɗaya daga jawaban da aka yi ba. Lasifika na ta ƙara, 'yan siyasa na ta yi wa juna kirari, su Baba suka shigo da gangunansu suka yi wasa aka yi musu tafi, ni idona na bin koren buje ɗaya. Da manya suka gama shiga aka sa wa ƙaramar ƙofa sarƙa da kwaɗo, wani jami'in jam'iyya mai babbar riga ya jefa makullin a aljihu. Benson ya juyo ya tsaya ta ciki. Na ga Scholastica ta kai masa ruwa. Na ga ya ce mata wani abu, ya jawo kujera da ƙafa ya nuna mata ta zauna. Ta ƙi, ya sake nunawa, ta zauna. Ni da na zo da takalmi mai tsini ko sau ɗaya bai waiwayo layi na huɗu ba.

Albert na ta yi mini bayanin waye wane a cikin manyan, ina gyaɗa kai, Fanta ta ɗumame a hannuna.

Wajen la'asar filin ya cika har kan katanga da rassan bishiyoyi, igiyar da ta raba jama'a da rumfa ta miƙe kamar za ta tsinke. Sai wasu samarin jam'iyya suka hau bayan wata mota suka fara jefa turamen atamfa da sabulu cikin taro. Jama'a suka yi wajen kamar an buɗe dam. Ana cikin wannan kokawa wani maharbi daga cikin masu wasan gargajiya ya saki bindigarsa sama don burge manya. Wani ya yi ihu cewa 'yan adawa sun shigo da makamai.

Ban taɓa ganin mutane sun zama ruwa ba sai ranar. Kowa ya nufi babbar ƙofa, gangunan yashin nan da aka sa don tsaro suka zama tarko, na gaba sun maƙale, na baya na turowa. Da suka ga ba hanya sai suka juyo kanmu. Igiya ta tsinke, kujeru suka fara karyewa, ƙafar rumfa ta goce a taɓo. Takalmina ɗaya ya nutse, na faɗi a gwiwa. Sai na ji an rufe ni ta sama. Albert ne ya dafa hannuwansa a ƙasa ya yi mini rumfa da bayansa. Ƙarfen da ya faɗo shi ya samu a goshi, na ji ɗumin jininsa a wuyana, tabaransa ya tafi ƙarƙashin ƙafafu. Bai ce komai ba sai, "Kada ki tashi tukuna."

Ta ƙarƙashin hannunsa nake hango ƙaramar ƙofa. Mai babbar riga ya tare ta, yana cewa ba za a buɗe ba sai motocin manya sun shirya. Benson ya nemi makulli, mutumin ya ƙi. Ya ture shi gefe, ya zare wani turken ƙarfe na rumfa, ya yi ta dukan kwaɗon har ya tarwatse. Ya wangale ƙofar, ya haye kan wata ganga yana busa usur, yana nuna hanya da hannu biyu, yana cewa da Hausarsa ta bariki mata da yara su fara, ba harbi ba ne, kowa ya tafi a hankali. Wasu abokan aikinsa suka riƙe hannun juna suka yi shinge. Kuma mutane suka ji shi. Na ga ana miƙa masa jarirai yana miƙa su waje. A wannan lokacin, duk da fushina, zuciyata ta cika da shi, na ce a raina wannan nawa ne.

Sai na ga ya tsaya da busa. Idonsa ya sauka wajenmu, fuskarsa ta canza, ya diro daga kan gangar ya kutsa cikin mutane yana ture su, ya nufo mu kai tsaye. Na zame daga ƙarƙashin Albert, na ɗaga hannu, har na buɗe baki.

Ya wuce ni. Kakinsa ya goge kafaɗata. Bayana kaɗan, tsakanin karyayyun kujeru, Scholastica na kwance ba ta motsi. Ya durƙusa ya ɗauke ta cak, yana kiran sunanta da wata muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba.

Hannuna ya daɗe a sama kafin in tuna in sauke shi.

Motar Albert ce mafi kusa da ƙofa, don haka mu huɗu muka shiga. Albert na tuƙi yana ƙanƙance ido, ya danne goshinsa da gwaggwarona. Ni a gaba da takalmi ɗaya. Su a baya, kanta a kan cinyarsa, yana yi mata fifita da hularsa. Madubin mota na gabana. Na yi ƙoƙarin kallon titi na kasa. Sai da muka kusa isa Benson ya ce, "Celina, kin ji ciwo?" Na ce masa ya kula da mara lafiyarsa.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi muka je a Barnawa, tuni ya fara cika da mutanen taro, masu targaɗe da masu neman 'ya'yansu. Aka shige da ita. Muka zauna a benci, Albert a tsakiyarmu. Bayan wani lokaci wata nas mai ƙiba, an rubuta Edith a ƙirjinta, ta leƙo ta ce yarinyar ta farfaɗo, an yi sa'a cikin bai taɓu ba. Ta dubi mazan biyu ta ce wane ne mijinta, ya zo likita na son ganinsa.

Na dubi Albert. Allah ya gani, a wannan daƙiƙar addu'a nake ya zama shi ne. Albert ya sunkuyar da kai. Benson ya miƙe a hankali, ya gyara bel ɗinsa, ya bi ta ba tare da ya kalle ni ba.

Na fita na tsaya ƙarƙashin wani mangwaro a harabar, ƙafata ɗaya a taɓo. Ban yi kuka ba. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne ni na durƙusa na kama mata gefen buje. Da Benson ya fito ya same ni, ya cire hula, irin yadda yake yi a gaban Baba.

"Naka ne?" na ce.

"Nawa ne."

"Tun yaushe?"

Ya ce tun lokacin Ista ne, makon da na tafi Zonkwa jana'izar kawuna. Ya ce kuskure ne, ya rasa ta inda zai fara faɗa mini, ya ce ni yake so ya aura, ko yanzu ma ni ce. Ya ce hana ni zuwa da ya yi don tsoron abin da ya faru ne, ba don ita ba, kuma da ya hango ni ya ga akwai mai ba ni kariya, ita kuwa ba ta da kowa. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ni abin da na sani, na ji muryar da ya kira ta da ita. Na ce masa ya koma ciki, ana jiransa. Ya miƙo hannu, na matsa.

An yi wa Albert ɗinki a goshi aka naɗe shi da bandeji. Ya kai ni gida rana na shirin faɗuwa, yana tuƙi a hankali saboda rashin tabarau. Har muka shiga Narayi bai ambaci Benson ba. Abin da kawai ya ce shi ne in yafe masa, ya ɓata mini gwaggwaro da jini. Nan ne hawayen suka zo, na juya fuska wajen taga.

Tsakar gidanmu cike da maƙwabta. Baba na zaune a kan tabarma, ƙafarsa ɗaya ta kumbura Mama na gasa masa da ruwan zafi, gangarsa a gefe fatar ta yage. Tun daga zaure nake jin muryarsa yana ba da labari. Ashe su makaɗan an matse su a jikin katanga dab da ƙaramar ƙofa, har numfashinsa ya fara ɗaukewa. Yana cewa ya ga mutuwa da idonsa, da yaron nan bai fasa kwaɗon ba da yanzu makoki ake a gidaje da yawa, har da nasa. Ya ce a gabansa babban mutum ya yi wa yaron barazanar raba shi da kakinsa, yaron ko waiwaye bai yi ba.

Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya yi wa Albert sannu da ciwo, ya gode masa, sannan ya ce in matso. Na durƙusa a gabansa da leshina mai taɓo.

"Celina, na daɗe ina hana ki abin da ban sani ba," ya ce. "Yau na ga mutum. Ko Binuwai ne, ko bayan Binuwai, na ba shi. Ki ce masa ya turo manyansa."

Matan unguwa suka rangaɗa guɗa. Mama ta tsaya da tsumma a hannu tana duban fuskata, don ita uwa ce, ta ga abin da su ba su gani ba. Albert na tsaye a bayana, shi kaɗai ya ji abin da na ji a bencin asibiti, kuma na san ba zai buɗe baki ba.

Baba ya dafa kaina yana dariya, ya ce, "Kunya ce ta hana ki magana? To, wace Asabar ce za ta yi masa?"